Kafin a Ƙara Haraji, a Fara Auna Cikin Gwamnati

A watan Afrilun 2006 Najeriya ta biya kaso na ƙarshe na kuɗin da ta yi wa ƙungiyar ƙasashe masu ba da rance ta Paris alkawari. Bashin ya kai kusan dala biliyan 30. Aka yafe biliyan 18, gwamnatin Obasanjo ta ɗebo biliyan 12 da 'yan kai daga rarar kuɗin mai ta biya, lokacin Ngozi Okonjo-Iweala na ministar kuɗi. An sha musu a kai. Wasu na ganin ƙasar da asibitocinta ba magani bai kamata ta ɗauki wannan uban kuɗi ta miƙa wa Turawa cikin 'yan watanni ba. Amma har masu sukar sun yarda an sauke kaya, domin a ƙarshen shekarar bashin da ake bin Najeriya a waje bai kai dala biliyan 4 ba.

Zuwa ƙarshen 2024, bashin waje kaɗai ya haura dala biliyan 45. Jimillar abin da ake bin tarayya da jihohi, gida da waje, ta kai naira tiriliyan 144.67 a lissafin Ofishin Kula da Basussuka na ƙasa, alhali a watan Yunin 2015 tiriliyan 12 ne da kaɗan. Domin a yi adalci, faɗuwar darajar naira ta kumbura wannan adadi. Idan da dala aka auna, daga kusan biliyan 64 ne ya tashi zuwa kusan 94. Sai dai gwamnati da naira take karɓar haraji, kuma da ita za ta sayi dalar da za ta biya, saboda haka faɗuwar nairar ba uzuri ba ce, ƙarin nauyi ce.

Duk lokacin da aka ta da wannan magana, amsar mahukunta ɗaya ce. Ministar kuɗi ta zamanin Buhari, Zainab Ahmed, ta sha nanata cewa Najeriya ba matsalar bashi take da ita ba, matsalar kuɗin shiga ce. Gwamnatin Tinubu ma da wannan fahimtar ta shigo, ta kafa kwamitin Taiwo Oyedele, ta ce tana so harajin da ake tarawa ya tashi daga kusan kashi 10 cikin 100 na tattalin arzikin ƙasa zuwa 18. Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya su ma waƙar da suke rerawa ke nan. A ganina an fara lissafin ne daga wutsiya. Tambayar da ta kamata ta zo gaba ita ce: mene ne aikin gwamnati, kuma mene ne ba aikinta ba? Sai an amsa wannan za a san nawa ya dace ta karɓa.

Masu ra'ayin a taƙaita gwamnati suna farawa da wata magana mai sauƙi wadda ake yawan mantawa, wato gwamnati ba ta da kuɗin kanta. Duk kwabon da ta kashe daga aljihun wani ya fito, ko kuma daga dukiyar da jama'a suka yi tarayya a kanta, kamar mai. Masanin tattalin arzikin nan na Amurka, Milton Friedman, ya daɗe yana jan hankali cewa nauyin gwamnati na gaskiya a kan jama'a shi ne abin da take kashewa, ba abin da ta rubuta a takardar haraji ba. Idan ta kashe fiye da abin da ta tara, giɓin ba ya ɓacewa. Ko dai ta ranto, wanda haraji ne da aka ɗaga zuwa gaba, 'ya'ya su biya da kuɗin ruwa a kai, ko ta sa a buga kuɗi, wanda haraji ne da ba a yanka masa rasit.

Wannan na ƙarshen ya fi cancantar a tsaya a kansa, don shi ne ya fi cin talaka kuma shi ne aka fi ɓoyewa. Dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007, a sashe na 38, ta yarda bankin ya ba gwamnatin tarayya rancen wucin gadi idan kuɗi suka yanke mata, bisa sharaɗin kada ya wuce kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar shekarar da ta gabata, kuma a biya kafin shekara ta fita. Ƙofa ce ƙarama da aka bari saboda larura. A zamanin Buhari da Godwin Emefiele aka mayar da ita babbar hanya, har rancen ya taru ya kai naira tiriliyan 22.7. A watan Mayun 2023, ana saura makonni gwamnatin ta sauka, majalisa ta amince a mayar da shi bashin shekara 40 da kuɗin ruwa kashi 9. Babu wanda ya ajiye waɗannan tiriliyoyi a banki aka ranta. Ƙirƙiro su aka yi aka zuba a kasuwar da yawan shinkafarta da siminti da maganinta bai ƙaru ba. Abin da ya biyo baya kowa ya ji a jikinsa. Ba shi kaɗai ya kawo tsadar rayuwa ba, akwai rashin tsaro a gonaki da rufe iyakoki daga 2019 zuwa 2020 da cire tallafin mai, amma shi ne ya jiƙa ƙasar da sauran suka tsiro a kai. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a watan Disambar 2024.

Dubi mafi ƙarancin albashi. A 2019 an tsayar da shi naira 30,000, wanda a canjin lokacin ya haura dala 80. A 2024, bayan yajin aiki da doguwar tattaunawa, aka mayar da shi 70,000, wanda bai kai dala 50 ba. Masinjan ofis ya ga an ninka masa albashi fiye da biyu, amma kwanon masara da yake aunawa a wata ya ragu. Babu jami'in haraji da ya taɓa zuwa ƙofarsa, babu dokar da majalisa ta yi ta ce a cire masa kusan rabin abin da yake samu, amma an cire. Mai gidaje da filaye da dala a ajiye bai yi asara ba, don kadararsa ta bi farashi ta hau. Bazawarar da ke zubin adashi da ɗan fanshon da kuɗinsa ba ya motsi su ne suka biya.

Rancen cikin gida ma yana da nasa cizon. A 2024 Babban Banki ya ɗaga kuɗin ruwa har kashi 27.5 don ya kwantar da farashi, takardun rancen gwamnati kuma suka riƙa ba da ribar da ta haura kashi 20. Ka ɗauki kanka manajan banki. A gabanka ga ɗan kasuwar Kantin Kwari yana so ya kafa ƙaramar masaƙa, sai ka binciki jinginarsa, ka yi fargabar wuta da tsadar dizal da kayan China; a gefe guda ga gwamnati, wadda ba ta gudu, tana miƙo riba mai tsoka ba tare da ka tashi daga kujera ba. Wa za ka ba? Haka gwamnati ke shiga layin rance ta ture 'yan kasuwa baya, sannan ta dawo ta buɗe shirin tallafa wa ƙananan sana'o'i da kuɗin da ta ranto.

Za a ce ai bashi hanji ne, yana cikin kowa, Amurka da Japan ma sun fi mu bashi nesa ba kusa ba. Gaskiya ne. Kuma ba kowane bashi ne abin zargi ba. Manomin da ya ci bashin taki da wanda ya ci bashin bikin 'yarsa duka bashi suka ci, amma ɗaya ne kaɗai kaka za ta fitar. Jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, da aka gina da rancen dala miliyan 500 daga bankin China aka buɗe a 2016, ko me za a ce game da yadda ake tafiyar da tikitinsa, abu ne da ake gani ana hawa. Dokar kula da kashe kuɗin gwamnati ta 2007 ma cewa ta yi a ranto ne kawai don manyan ayyuka da gina ɗan Adam, kuma giɓin kasafi kada ya wuce kashi 3 cikin 100 na tattalin arziki sai da babban dalili. An tsallake wannan iyaka shekara bayan shekara ba wanda aka tuhuma. Ma'aunin da ya fi faɗin gaskiya shi ne nawa bashin ke lashewa daga abin da ke shigowa. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa a 2022 biyan bashi ya cinye kashi 96 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Ma'ana albashi da kuɗin ofis da kusan komai da rance aka yi su. A kasafin 2025 na naira tiriliyan 54.99, sama da tiriliyan 14 aka ware wa biyan bashi, fiye da abin da aka ba ilimi da lafiya idan an haɗa su.

To ina kuɗin suke tafiya? Babban rami na farko shi ne gwamnati 'yar kasuwa. Tun zamanin da kuɗin mai suka fara ambaliya bayan yaƙin basasa, zamanin ƙarin albashin Udoji na 1974 da jiragen siminti da suka cushe tashar Legas a 1975, aka ɗauki aƙidar cewa gwamnati ce za ta narka ƙarfe, ta tace mai, ta tuƙa jirgin sama, ta haɗa waya, ta buɗe otal. An ba kamfanin Tarayyar Sobiyet kwangilar Ajaokuta a 1979. Yau fiye da shekara 40 masana'antar ba ta fara aikin da aka gina ta dominsa ba, amma kowace shekara tana da layinta a kasafi, ana biyan albashi. Kamfanin jiragen sama na ƙasa ya mutu a 2003 ya bar ma'aikata suna bin haƙƙinsu shekara da shekaru. Matatun Kaduna da Warri da Fatakwal, masu ƙarfin tace ganga 445,000 a rana a takarda, sun shafe shekaru ba sa fitar da komai sai takardun kwangilar gyara. A 2021 aka amince da dala biliyan 1.5 don gyaran ta Fatakwal. Aka yi bikin tashinta a Nuwamban 2024, aka rufe ta a Mayun 2025.

Gwada wannan da waya. Waɗanda suka manyanta suna tuna zamanin NITEL, lokacin da layukan ƙasar duka ba su kai rabin miliyan ba, samun layi sai da sanayya da takardar wani babba, mutum ya je ofishinsu ya bi layi don ya kira ɗan'uwansa a Jidda. A Janairun 2001 aka yi gwanjon lasisin wayar salula a bainar jama'a, kowane dala miliyan 285. Gwamnati ta karɓi kuɗi maimakon ta kashe, ta koma gefe tana sa ido. Da farko layi ya yi tsadar da sai mai hali, amma gasa ta karya farashin. Yau layukan sun haura miliyan 150, mai shayi da makiyayi kowa da tasa. Babu wani shirin tallafi da ya taɓa sauya rayuwar talakan ƙauye kamar wannan, kuma sirrinsa shi ne gwamnati ta janye hannu daga saye da sayarwa ta tsaya a alƙalanci.

Rami na biyu tallafi ne. Na man fetur ya lashe sama da naira tiriliyan 4 a 2022 kaɗai, kuma wanda ya fi kowa morarsa shi ne mai motoci biyar a Abuja da mai tsallakawa da tanka iyaka da dare. Mazaunin ƙauyen da ba gidan mai dama can a hannun 'yan bumburutu yake saye. Shirin ba manoma rance ta hannun Babban Banki, wanda aka ƙaddamar a Kebbi a 2015, ya fitar da sama da tiriliyan ɗaya, aka yi dalar shinkafa a Abuja a 2022 aka ɗauki hoto, babban kaso na kuɗin bai dawo ba, shinkafa kuma ba ta sauko ba. Cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 daidai ne a ƙa'ida, kuma duk mai ra'ayin taƙaita gwamnati dole ya faɗi haka ko da ba za a tafa masa ba. Abin da ya ɓata lamarin shi ne an rage cikin talaka ba a rage na gwamnati ba. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 1,000 a 2024, kuɗin da ake rabawa tarayya da jihohi duk wata suka ƙaru sosai, kuma a daidai lokacin ne aka naɗa ministoci fiye da 45, jaridu suka ruwaito sayen motocin 'yan majalisa a kan kusan naira miliyan 160 kowace, aka buɗe gidan mataimakin shugaban ƙasa na biliyan 21, aka sayo wa shugaban ƙasa jirgi. Waɗannan kuɗi ko an haɗa su ba za su cike giɓin kasafi ba, amma su ne ke sa mutum ya ƙi yarda idan aka ce masa ya ƙara haƙuri.

Akwai kuma wanda mu a Arewa ba mu son a taɓo. A 2024 gwamnatin tarayya ta zuba naira biliyan 90 a tallafin aikin Hajji. Ibadar da Allah ya ɗora wa mai iko kaɗai, sai ga shi ana cika wa mai miliyoyi kuɗin kujera daga baitulmalin da ke ranto kuɗin albashi. Wanda ya soki motar sanata ya yi shiru a nan, sukarsa ba ta cika ba.

Rami na uku shi ne yawan ofisoshi. A 2012 kwamitin Stephen Oronsaye ya ƙirga hukumomin tarayya 541, ya ba da shawarar a rage waɗanda doka ta kafa daga 263 zuwa 161. Jonathan bai aiwatar ba, Buhari bai aiwatar ba. A Fabrairun 2024 aka sanar cewa za a aiwatar, amma kafin shekarar ta fita an ƙirƙiro sababbin ma'aikatu da hukumomin raya shiyyoyi, har da ta Arewa maso Yamma, muka yi ta murna. Kowace hukuma shugaba ne da 'yan kwamiti da motoci da hayar ofis da taron bita a otal. Hukuma ba ta mutuwa, don ranar da aka ce za a rufe ta ranar ce za a tuna daga wace jiha shugabanta ya fito.

Yanzu ga hujja mafi ƙarfi ta ɗaya ɓangaren, kuma ba ta wasa ba ce. Suna cewa: wace babbar gwamnati? Kasafin tarayya na 2025, in an mayar da shi dala, bai kai biliyan 40 ba, ga mutum sama da miliyan 200. 'Yan sanda ba su kai dubu 400 ba. Yara sama da miliyan 10 ba sa makaranta, mafi yawansu a Arewa. Ƙasar da ke cikin wannan hali ƙarin gwamnati take buƙata, kuma ra'ayin a rage ta kayan aro ne daga ƙasashen da suka riga suka ƙoshi. Sun kuma tuna mana shirin tsuke bakin aljihu na Babangida a 1986, yadda aka sallami ma'aikata, makarantu suka lalace, masana'antu suka fara rufewa.

Rabin maganarsu daidai ne. Gwamnatin Najeriya ramammiya ce a inda ake nemanta, mai teɓa a inda ba a gayyace ta ba. Amma lissafin kashi 10 da ake jifan mutane da shi, wai 'yan Najeriya ba sa biyan haraji, lissafin abin da ya isa baitulmali ne kawai. Bi motar shanu daga Potiskum ko tirelar albasa daga Aliero zuwa Legas ka gani. Tun a kara an biya kuɗin ƙaramar hukuma da na ƙungiya. A hanya kowace jiha da shingenta, wani na duba lafiyar dabbobi da ba ya duba komai, wani na kayan gona, wani na sitika, wani katako ne kawai da ƙusoshi da matasa riƙe da gora. Yaron mota yana zaune da damin canji a cinya, aikinsa miƙawa ta taga. Duk wannan a kan kilon nama da kwandon albasa yake sauka, kuma yana cikin koke-koken da suka sa dillalan shanu da kayan abinci suka dakatar da kai kaya Kudu a farkon 2021. A Kano, 'yan adaidaita sahu sun ajiye aiki a Fabrairun 2021 kan harajin naira 100 na kullum, gari ya tsaya cak. Oyedele da kansa ya ce harajin da doka ta sani sun haura 60, ban da waɗanda ba ta sani ba.

Ƙara da abin da mutum ke biya don gwamnati ba ta yi aikinta ba. Ya haƙa rijiyar burtsatse ko ya sayi ruwan 'yan garuwa, ya sayi janareta ko sola, ya biya 'yan sintirin unguwa, ya kai yaro makarantar kuɗi, ya sayi safar hannu da allura kafin a karɓi haihuwar matarsa a asibitin gwamnati. A ƙauyukan Zamfara da Sakkwato da Katsina da Neja abin ya wuce nan: 'yan bindiga ne ke yanka wa gari haraji, a tara gida-gida kafin a yi shuka, a sake tarawa kafin a yi girbi. Wanda ya ce wa wannan manomi ba ya biyan haraji ya zalunce shi sau biyu. Kare rai da dukiya shi ne aikin farko da ya halatta wa kowace hukuma karɓar kuɗin jama'a, kuma shi ne aka bari ana gyaran matatar mai.

Batun kayan aro kuwa, tarihinmu bai goyi bayansa ba. Ibn Khaldun, a Muƙaddimarsa ta ƙarni na 14, ya bayyana yadda daula ke farawa da haraji kaɗan tana samun kuɗi da yawa, sai jin daɗin masu mulki ya ƙaru, a ƙara haraji, manoma da 'yan kasuwa su karaya, kuɗin shiga su ragu; ya kuma yi kashedi kan sarki ya shiga kasuwanci yana gasa da talakawansa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a Kitabul Farƙ, ya lissafa jangali da kuɗin gari da ƙwacen kasuwa cikin zaluncin sarakunan zamaninsa. 'Yan NEPU sun sha ɗauri kan haraji da jangali, kuma da PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979, soke su na cikin abin da Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka fara yi. Su 'yan gurguzu ne, ba za su yarda da Friedman a kan komai ba, amma sun san abin da dagaci da ɗan doka ke yi wa mutumin da ya kasa biya.

Sai dai akwai wani abu da ya biyo bayan wannan wanda ba a cika faɗa ba. Da kuɗin mai suka maye gurbin haraji, gwamna ya daina buƙatar talakansa. Arzikin jiha ya koma abin da kwamishinan kuɗi ke karɓowa daga Abuja a ƙarshen wata. A 2023 Legas ta tara sama da naira biliyan 800 a cikin gida, Yobe da Kebbi da Taraba kuwa kowace ba ta kai biliyan 12 ba. Gwamnan da kuɗinsa ba su dogara da cinikin kasuwar jiharsa ba, ba abin da zai dame shi idan kasuwar ta mutu. Zai gina filin jirgin sama da gadar sama ya sa musu sunansa. Shi ya sa mai ra'ayin taƙaita gwamnati ba ya cewa a daina haraji. Cewa yake ya zama kaɗan, sananne, a wuri ɗaya, wanda mai biya ke gani yana jin zafinsa, har ya iya tambayar inda aka kai shi. Harajin da ake ji ya fi bashi da buga kuɗi aminci, don shi kaɗai ne ke ta da mutane tsaye.

Da wannan idon ya kamata a dubi dokokin haraji huɗu da Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025. Akwai alheri a ciki: an yafe harajin albashi a kan naira 800,000 na farko a shekara, an bar harajin VAT a kashi 7.5 bayan an so a ɗaga shi, an haɗe dokoki da dama wuri guda. Amma abin da ya ta da jijiyar wuya a Arewa, tun daga taron gwamnoni da sarakuna a Kaduna a Oktoban 2024, shi ne yadda za a raba VAT. An yi watanni ana faɗa kan kaso. Ban ji an yi mako guda ana faɗa kan yadda za a kashe kason ba, ko kan yadda masaƙun Kaduna da masana'antun Sharaɗa da Bompai za su farfaɗo har a sami abin da za a yanka wa harajin.

Wasu ƙasashen Afirka sun nuna ƙarshen hanyar. Ghana ta yi ta ranto daloli a kasuwannin duniya, ta ƙaƙaba harajin tura kuɗi ta waya a 2022, duk da haka a Disambar shekarar ta dakatar da biyan mafi yawan bashinta na waje, ta taɓa har masu riƙe da takardun rancenta na gida, aka ga tsofaffin 'yan fansho zaune a ƙofar ma'aikatar kuɗi a Accra. A Kenya matasa sun kutsa majalisa a Yunin 2024 kan dokar ƙarin haraji, aka rasa rayuka, Shugaba Ruto ya janye ta.

Wasu ƙasashe sun ɗaure hannun gwamnatocinsu a tsarin mulki. Mutanen Switzerland sun kaɗa ƙuri'a a 2001 suka wajabta cewa kashe kuɗi ya bi sawun kuɗin shiga, Jamus ta yi irin nata a 2009. Mu ba doka muka rasa ba. Ga dokokin 2007 nan har biyu. Abin da babu shi ne hukunci. Kamata ya yi ministan da ya tsallake iyakar giɓi, da gwamnan Babban Banki da ya buɗe wa gwamnati famfo fiye da ƙa'ida, su san akwai kotu a gabansu, kuma kowane ɗan ƙasa ya sami damar shigar da ƙarar. Kowane rance a buga sharuɗɗansa da aikin da za a yi da shi kafin majalisa ta ɗaga hannu. Ajaokuta da matatun mai a sayar da su a gwanjon da kowa ke gani irin na 2001. Na ce irin na 2001 da gangan, don sayar da kamfanonin rarraba wutar lantarki a 2013 ya nuna yadda abin ke zama idan masu saye ba su da jari sai sanayya: wasu daga cikinsu bankuna suka karɓe a 2022 saboda bashi, wuta kuma ba ta gyaru ba. Miƙa dukiyar jama'a ga abokai, da hana shigo da kaya don wasu 'yan tsiraru su ci kasuwa su kaɗai, da yafe wa manya kuɗin kwastan, duk dogon hannun gwamnati ne a cikin wata riga. Abin da aka yi tsiminsa daga waɗannan matakai a zuba shi a 'yan sanda da kotuna da firamare da asibitin karkara da hanya, har sai an yi su da kyau, kafin a waiwayi wani abu.

Zaɓen 2027 na tafe, 'yan takara za su zo da alkawuran sabuwar jami'a da sabuwar hukuma da rabon taliya da auren gata. Idan naka ya zo ƙofar gida, tambaye shi abin da zai rufe da abin da zai sayar, nawa ake bin jiharku a yau, kuma da kuɗin wa zai yi abin da ya faɗa. Kasafin jihohi da alƙaluman bashinsu duka suna intanet, ana buɗe su a wayar hannu. A samu mai karatu ɗaya a kowace majalisar unguwa ya karanta wa sauran.